Shuɗin kwaɗo a ɗakin ƙarƙashin rufi: nazarin yadda aka kafa akwatin kiwo na farko

Lamarin na wani abokin aikina ne, Bajamushe, da ke zaune a hawan ƙarshe na wani tsohon bene a yammacin Jamus, ɗakin da babu komai tsakaninsa da rana sai rufi. In ban da kifin ado, bai taɓa kiwon wata dabba ba. Ya ƙudura a ransa zai kiwata shuɗin kwaɗon nan mai dafi, Dendrobates tinctorius, launin da ake kira azureus. Na bi aikin tun akwatin gilashin yana fanko har kwaɗin suka balaga, kuma na ga ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla. Wanda ya ga hoton wannan halitta yakan ɗauka kwaɗo zai kiwata. Gaskiyar magana, abin da zai fara kiwatawa ƙasa ce da tsirrai da ƙudaje. Kwaɗo shi ne na ƙarshen shiga, kuma rayuwarsa ko mutuwarsa ta rataya ne a kan aikin da aka yi kafin ya iso.

Inda kwaɗon ya fito

A kudancin Surinam, dab da iyakar Burazil, akwai filin ciyawa da ake kira Sipaliwini. A cikin filin akwai gungu-gungun kurmi da suka keɓe a gindin duwatsu, ƙoramu na ratsa su. Nan ne mazaunin shuɗin kwaɗon. Masanin Holand Marinus Hoogmoed ya ci karo da shi a 1968, ya bayyana shi a 1969 a matsayin jinsi mai zaman kansa, sai a 2006 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa launi ne kawai daga cikin launukan tinctorius. Mutanen Tiriyo da ke yankin sun san shi tun kafin zuwan masana.

Wannan bayani ba ado ba ne, shi ne tsarin ginin gaba ɗaya. Kwaɗon ba ya zama a rana, ba ya zama cikin ruwa, ba ya kuma hawa can ƙololuwar bishiya. Yawonsa a ƙasa yake, tsakanin busassun ganye da duwatsu masu gansakuka, cikin inuwa mai sanyi da danshi. Mutane da sun ji an ce dabbar yankin zafi ce sai su fara neman fitilar ɗumama akwati. Wannan kwaɗo zafi ne ajalinsa. Ma'aunin da yake so da rana tsakanin digiri 22 ne zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas, da dare ya ɗan sauka, kuma daga 29 zuwa sama an shiga hatsari.

Tambayar farko da duk baƙo ke yi wa abokina ita ce ta dafi. Dangin waɗannan kwaɗi suna da yawa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, amma jinsi 3 ne kacal aka tabbatar ana shafa dafinsu a kibiya, dukkansu 'yan wani rukunin kwaɗi ne mai suna Phyllobates na yammacin Kolambiya, inda mutanen Embera ke goga kan kibiyar hurawa a bayan kwaɗon. Mafi tsananinsu, Phyllobates terribilis, sai a 1978 aka bayyana shi a ilmance. John Daly, masanin sinadarai a Amurka wanda ya shafe shekaru da dama a kan wannan bincike, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa kwaɗin ba su ke ƙera dafin ba. Daga abinci suke tara shi, wato tururuwa da wasu mitsi-mitsin ƙwarin ƙasa da ƙadandoniya na dajinsu. Wanda aka ƙyanƙyashe a gida, yana cin ƙudajen kiwo, ba shi da dafi. Abin tsoro ma ya juya: hannun mutum ne hatsari ga kwaɗon, domin ta fata yake shan ruwa, kuma duk sabulu ko man shafawa ko gishirin gumi da ke tafin hannu zai ratsa jikinsa. Saboda haka ba dabbar ɗauka ba ce. In tilas ta sa, sai a kora shi cikin ɗan kofin roba.

Ginin

Ya sayi akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 45, tsayi 45, mai ƙofa ta gaba. Da farko zuciyarsa ta karkata ga dogon akwati mai tsayi saboda ya fi kyan gani, wani dattijon makiyayi ya nusar da shi cewa tinctorius faɗin ƙasa yake buƙata. Murfin raga da ya zo da akwatin ya rufe mafi yawansa da gilashi, ya bar siririn wuri don iska ta riƙa fita, ya kuma sa masa raga mai ƙananan idanu da ƙuda ba zai iya ratsawa ba. Danshin da ake nema kashi 80 cikin 100 ne zuwa sama, amma danshi daban, iska mai tsayawa cik daban. Akwatin da aka toshe ruf tsirrai ruɓewa suke yi a ciki.

Bangon baya ya yi shi da kumfar gini da ɓawon itacen kok, ya shafe da silikon, ya manna zaren kwakwa a kai. A nan akwai tarko: silikon ɗin banɗaki yana ɗauke da maganin hana fumfuna, kuma guba ne ga kwaɗo. Na akwatin kifi ake amfani da shi, a bar shi ya bushe har warinsa ya ɗauke ƙaf.

Ƙasan akwatin hawa-hawa ne. Can ƙasa ƙwallayen gasasshen yumɓu, kaurin kamar santimita 6, inda rarar ruwa ke taruwa. A kansu aka shimfiɗa raga don kada ƙasa ta zube ciki. Sannan ƙasar shuka, wadda ba ƙasar lambu ba ce, haɗi ne irin wanda lambun tsirrai na Atlanta a Amurka ya yi suna da shi: ɓawon itace, gawayi, busasshiyar gansakuka da zaren tsiro, haɗin da ke riƙe lema amma ruwa na wucewa ta cikinsa, kuma yakan yi shekaru bai dunƙule ba. A kusurwa ya kafa siririn bututu har ƙasa don zuƙe ruwa idan ya kusa taɓo ragar. Muddin ruwan ya hau ya jiƙa ƙasar daga ƙasa, za ta yi tsami, saiwoyi su mutu, tafin kwaɗin ya yi ciwo.

A saman duka ya zuba busassun ganyen magnoliya da na itacen ok, waɗanda ya tafasa ya shanya, ya zuba su da kauri har ba a ganin ƙasa. Sababbin shiga da yawa sukan shimfiɗe ko'ina da koriyar gansakuka saboda hoto. A ganina wannan kuskure ne babba. Cikin ganye kwaɗon ke farauta, ƙarƙashinsa yake ɓuya, a kansa yake samun busasshen wurin tsayawa. Kuma kwaɗon da ya san yana da maɓoya kusa shi ne mai ƙarfin halin fitowa fili.

Ya so ƙwarai ya sa 'yar ƙorama mai gangarowa da famfo. Mun yi ta ja-in-ja a kai, daga ƙarshe ya haƙura, kuma har yau ina ganin shawarar da ta fi kowace amfani ke nan. Famfo kan toshe, ruwa kan jiƙe ƙasa, ga shi kwaɗon ba gwanin iyo ba ne. Ɗan faranti marar zurfi da feshi sau ɗaya ko biyu a yini sun wadatar. Ruwan feshin tatacce ne da ba shi da kulorin ko gishirin ma'adinai, domin ruwan famfon garinsa yana barin farin tabo a gilashi da ganye.

Tsirran da ya dasa su ne Neoregelia, wato dangin abarba masu tara ruwa a tsakiyarsu, waɗanda ya maƙala a bango maimakon ya binne su, da Philodendron, da Peperomia, da Ficus pumila mai yaɗo. Kowanne sai da ya wanke saiwarsa tas ya zubar da ƙasar shago, saboda maganin ƙwari da taki da ƙwan dodon koɗi. Fitila kuwa LED ce mai farin haske, awa 12 a kunne, 12 a kashe. Tsirrai aka yi wa ita.

Sai ya zuba ma'aikatan shara: wasu fararen mitsi-mitsin ƙwari masu tsalle, Folsomia candida, da ƙananan fararen ƙwarin ƙarƙashin ɓawo, Trichorhina tomentosa. Su ke cinye fumfuna da ruɓaɓɓen ganye da kashin kwaɗi, su mayar da su taki, su kuma zama abin lasawa ga kwaɗin.

A mako na biyu fumfuna ta yi fari fat a kan itace da ɓawo. Hankalinsa ya tashi, har ya fara tunanin kwashe komai ya sake. Ba a buƙatar haka. Kusan kowane sabon akwati sai ya bi ta wannan hanya. Ya ɗan ƙara buɗe mashigar iska, ya bar ƙwarin da aikinsu, cikin 'yan makonni ta ja da baya. Ya bar akwatin babu kwaɗo har wajen mako 6, yana rubuta zafi da danshi safe da yamma. Da kwaɗin suna ciki tun farko, da sun tattake tsirran kafin su kafa saiwa, sun kuma cinye ƙwarin kafin su yaɗu.

Ƙudaje

Nan ne ake gane wanda zai ɗore da wanda zai gaji. Kwaɗon ba ya cin mataccen abu, sai mai motsi, kuma ƙarami. Abincinsa na kullum ƙudajen 'ya'yan itace ne da aka kiwata marasa iya tashi, iri biyu: Drosophila melanogaster ƙarami, da Drosophila hydei mai ɗan girma. Ana kiwon su cikin kofin roba mai murfin ƙyalle. A dama garin dankalin turawa da sukari da yis da ɗan ruwan tsami, a cusa zaren katako a kai don su samu wurin hawa, a zuba ƙudaje kamar 50 zuwa 100. Bayan 'yan kwanaki za ka ga tsutsotsi suna rarrafe a jikin kofin, su bushe su zama 'yan ƙwanso masu ruwan ƙasa jere a bango, warin kofin kuma ya koma kamar na kullun koko da ya kwana. Ƙaramin irin yakan fara bayar da ƙudaje cikin mako 2, babban sai wajen mako 3. Bayan wata guda kofin ya tsufa, wasu ƙwari masu kama da ƙura sukan mamaye shi, dole a jefar.

Ma'anar wannan lissafi ita ce, kofin da ka manta ba ka haɗa yau ba, sai bayan mako biyu za ka ga yunwarsa, lokacin da babu gyara. Abokina ya fara haɗa kofuna tun akwatin yana fanko, kowace Lahadi, har hannunsa ya faɗa. Na ga hikimar hakan daga baya.

Ƙuda kaɗai ba ya ƙosar da jiki. Yana da ƙarancin kalsiyam, don haka duk ciyarwa sai an karkaɗa ƙudajen cikin kofi da garin kalsiyam mai bitamin D3 har su yi fari, sannan a zuba. Bitamin A kuma ana ba da shi daban, sau ɗaya ko biyu a wata. Rashin kalsiyam na lanƙwasa ƙashi ya kawo makyarkyata. Rashin bitamin A na sa harshe ya daina kama abinci, ka ga kwaɗo yana ta harbin ƙuda yana kuskurewa, ga abinci gabansa yana ramewa. Garin kansa yana rasa ƙarfi, shi ya sa makiyaya ke canza shi duk wata 6 ko da bai ƙare ba.

Saye da killacewa

Ya je babbar kasuwar dabbobi masu jan ciki ta Terraristika da ake ci a garin Hamm don ya buɗe ido, amma sayen sai ya yi a gidan dattijon makiyayin nan, inda ya ga iyayen da idonsa. Tun 1987 kwaɗin Dendrobates suke cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, saboda haka takardar da ke nuna asalin dabba wajibi ce, ya kuma karɓi tasa. Ba ƙa'idar ofis kawai nake gani a nan ba. Dabbar da duk duniyarta 'yan gungun kurmi ne, kowane ɗaya da aka sato daga daji giɓi ne, alhali an daɗe ana hayayyafa ta a gidaje da gidajen namun daji har ta wadata.

Guda 3 ya saya, 'yan watanni kaɗan da fitowa daga ruwa. A wannan girma ba a iya bambance mace da namiji. Bai sa su cikin babban akwatin ba. Ya ajiye su cikin akwatin roba mai jiƙaƙƙiyar takarda da ganye da maɓoya fiye da wata guda, ya kai kashinsu da abin da aka goge daga fatarsu wurin likitan dabbobi.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana da alaƙa da wannan kwaɗo kansa. Cutar fumfunar fata da ta hallaka kwaɗi a nahiyoyi da dama, har ta shafe wasu jinsuna, a 1999 aka raɗa wa ƙwayarta suna Batrachochytrium dendrobatidis. Joyce Longcore da abokan aikinta ne suka ware ta daga jikin shuɗin kwaɗo irin wannan da ya mutu a gidan namun daji na ƙasa da ke Washintan. Tana kaurara fata har kwaɗo ya kasa daidaita gishirin jikinsa, zuciyarsa ta tsaya. Idan ta shiga akwati mai ƙasa da tsirrai, ba a iya wanke ta, sai dai a rushe aikin gaba ɗaya. Gwajin kwaɗin abokina ya fito lafiya, aka sake su cikin babban akwatin.

Ranar farko sun ɓace cikin ganye. Bayan kwana biyu ɗaya ya fito bakin gilashi lokacin ciyarwa. Daga kusa shuɗin ba iri ɗaya ba ne: bayansa mai haske ne da ɗigo-ɗigon baƙi, ƙafafuwan sun fi duhu. Yakan tsaya a ɗan duƙe, ya ƙura wa ƙuda ido, dogon yatsan ƙafarsa ta baya yana ta kaɗawa a kan ganye da sauri, sannan harshe ya fita ya koma kafin ido ya kama.

Matsaloli biyu

Ta farko zafi ce, kuma tun ranar da aka zaɓi ɗakin take jira. An kafa akwatin cikin hunturu, duk ma'aunin da ya rubuta na makonnin nan 6 na lokacin sanyi ne. Da bazarar Turai ta kama, rufin ya ɗauki rana, zafin cikin akwatin ya haura 29 da yamma. Kwaɗin suka daina fitowa, suka lafe cikin farantin ruwa. Ya kashe fitila da rana, ya rufe labule, ya jera robobin ƙanƙara a kan murfi, ya kunna fanka ta gefen raga yana ƙara feshi, domin iska na kwashe danshi. Da abin ya ƙi sauka, sai ya mayar da kwaɗin akwatin roba ya sauka da su ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa har zafin ya wuce, daga baya ya sayi na'urar sanyaya ɗaki. Kofunan ƙudaje da yawa sun bushe a wannan mako, kuma rarar da ya saba ajiyewa ce ta fitar da shi. Babu wanda ya mutu, amma da yana tafiya a makon, da labarin ya sha bamban. Tambayar da ya kamata a fara yi tun kafin sayen gilashi ita ce, ina ma'auni ke kaiwa a wannan ɗaki a ranar da ta fi kowace zafi a shekara?

Wannan ya shafi duk mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram da sha'awar ta kama. Inda zafin watan Afrilu ke wuce 40, ga ɗaukewar wuta, yini ɗaya ba na'urar sanyi ya isa ya kashe su duka. In babu tabbacin sanyi dare da rana, kawo wannan dabba zalunci ne.

Ta biyu ta ɓullo ne da suka kai kimanin shekara guda. Namijin ya bayyana: ya fi ƙanƙanta, kan yatsunsa na gaba sun fi faɗi, yana wani kuka ƙasa-ƙasa da sai ka kasa kunne. Sauran biyun mata ne. A wajen tinctorius, mata su ne mafaɗata. Babbar takan haye bayan ƙaramar ta danne ta ƙasa, ko ta tare ta daga wurin abinci. Ba jini, ba ihu, shi ya sa abin ya ɗauki lokaci kafin a gane. Ƙaramar ta rage fitowa, cikinta ya shafe, ƙasusuwan bayanta suka fito. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ke kallon dabba kullum ba ya saurin ganin rama. Hotunan da yake ɗauka lokaci-lokaci ne suka tona, da ya jera na watan jiya da na yau.

Ya ware ta a akwatin roba, ya sake kai kashinta gwaji don a tabbatar ba tsutsar ciki ba ce, ya riƙa ba ta ƙudaje kaɗan-kaɗan da fararen ƙwarin nan masu tsalle da tsutsar ƙuda mai maiƙo. Ba a cika mata ƙudaje da yawa, domin idan suna hawa jikinta tashin hankali suke ƙara mata. Sannu a hankali ta murmure. Sayen guda 3 ba laifi ba ne, dabara ce ta samun mace da namiji. Abin da ya rage shi ne a tanadi akwati na biyu tun ranar saye, a sa rai cewa rabuwa na nan tafe. Haka kuma ba a haɗa azureus da wani launi na tinctorius ko wani jinsi, domin za su yi barbara su ɓata zuriyar da makiyaya suka daɗe suna tsarewa.

Da aka bar mace ɗaya da namiji, ba a jima ba aka ga tana bin sa tana shafa bayansa da hannu, har suka shige ƙarƙashin ƙoƙon kwakwar da aka kife a kan ɗan faranti. Ƙwan farko sun yi fari sun lalace, abin da ya zama ruwan dare ga sababbin iyaye. Na baya sun kama. Ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin mako 2 da 'yan kwanaki. A daji uban ne ke goya talibambam a bayansa ya kai su ruwa, a gida kuwa abokina yana raba su kowanne da kofinsa saboda suna cin junansu, kuma sukan ɗauki mako 10 zuwa 12 kafin su fito da ƙafa huɗu su bar ruwa. Ya taƙaita yawan ƙwan da yake raino daidai da mutanen da suka riga suka nemi 'ya'yan. Macen da aka ware kuma ya miƙa ta ga wata makiyayiya mai namiji shi kaɗai, tare da kwafin takardar asalinta da sakamakon gwaji. Kwaɗin nan sukan wuce shekara 10 a hannun mai kula, don haka ya riga ya koya wa maƙwabcinsa haɗa kofin ƙudaje da karanta ma'aunin zafi saboda lokacin da zai yi tafiya.